Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaba Bola Ahmed Tinubu: Ina Kuɗin Tallafin Mai Suka Shiga?

Mai girma Shugaban Ƙasa, assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ba zan tsaya yi maka dogon yabo ba, domin masu wannan aikin a Abuja sun ishe ka. Tambaya ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma ita ce tambayar da ake yi a majalisun unguwa, da tashoshin mota, da ƙofar masallaci bayan an idar da sallah.

A ranar 29 ga Mayu, 2023, a dandalin Eagle Square, tun kafin ka naɗa ko da minista ɗaya, ka shelanta cewa tallafin man fetur ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai 500, sannan ta haye naira 1,000 a watan Oktoban 2024. A watan Yunin 2023 kuma aka saki naira ta nema wa kanta daraja a kasuwa, sai dalar da gwamnati ke sayarwa kan kimanin naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. An ce mana waɗannan kuɗaɗe da 'yan tsiraru ke wawashewa ne za a dawo wa talaka da su ta wata ƙofar, mu kuma muka ce to, Allah ya sa haka.

Kai da bakinka, a jawabinka na 31 ga Yuli, 2023, ka gaya wa ƙasa cewa cikin wata biyu kacal an tara fiye da naira tiriliyan 1. A wannan jawabin ka yi alkawarin motocin bas 3,000 masu amfani da iskar gas kafin watan Maris na 2024, da tan 200,000 na hatsi daga rumbunan gwamnati. Daga baya aka ƙara da naira 25,000 duk wata har tsawon wata uku ga gidaje miliyan 15, shirin da ya yi tuntuɓe tun a Janairun 2024 lokacin da ka dakatar da ministar da ke riƙe da shi. An ƙaddamar da 'yan motoci gaban kyamara, mun gani, amma sauran wataƙila suna nan tafe, sun maƙale ne a hanyar Abuja zuwa Kaduna wadda ita ma ake ta gyara tun zamanin gwamnatin da ta gabata. Jirgin shugaban ƙasa dai da aka saya a 2024 bai yi latti ba.

Ranka ya daɗe, ka fi kowa sanin yadda aka tallata mana tikitinka. Fiye da rabin ƙuri'u miliyan 8.79 da suka kai ka mulki daga Arewa suka fito, kuma da yawansu an samo su ne daga kan mumbari, inda wasu malamai suka ce Musulmi biyu a kan ragamar mulki za su ji tsoron Allah a kan talakawa. Idan an karɓi ƙuri'a da sunan addini, to dole ne a karɓi hukuncin addinin a kan shugaba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce dukkanmu makiyaya ne kuma kowa za a tambaye shi game da kiwon da aka ba shi. A shekarar farin da aka yi a Madina, Sayyidina Umar ɗan Khaɗɗabi ya haramta wa kansa man shanu da madara har sai jama'a sun samu, ya koma cin man zaitun har launin jikinsa ya sauya. Wannan shi ne haƙurin da Musulunci ya sani: shugaba ne ke farawa. Mu kuwa kullum talaka ake aika wa da wa'azin haƙuri, alhali ayarin motocin masu mulki bai ragu da ko taya ɗaya ba.

Ba a ɓoye maka halin da aka shiga ba. A Fabrairun 2024 mata sun tare hanya a Minna, masu gurasa sun fito a Kano, Sarkin Kano na lokacin, Aminu Ado Bayero, ya roƙi uwargidanka ta isar maka da saƙon cewa ana yunwa, Sarkin Musulmi kuma ya yi gargaɗi a Kaduna cewa ba za su iya ci gaba da lallashin jama'a har abada ba. A lokacin ne magidanta suka koma sayen afafata, shinkafar da a da ake zuba wa kifi. Da matasa suka fito a watan Agusta, amsar da aka ba su ta ƙare da gurfanar da ƙananan yara a kotun tarayya ta Abuja a ranar 1 ga Nuwamba, wasu suna faɗuwa saboda yunwa gaban alƙali. Ka ba da umarnin sakinsu, Allah ya saka, amma don girman Allah wane irin lissafi ne ya kai su can tun farko? Kai ne fa a Janairun 2012 ka rubuta cewa Shugaba Jonathan ya karya alkawarin da ke tsakaninsa da al'umma saboda cire wannan tallafin.

Na san amsar da ake bayarwa, cewa kason jihohi ya ƙaru, mu je mu tambayi gwamnoni. Za mu tambaye su, kuma ba su da mafita. Sai dai ba gwamna ne ya tsaya a Eagle Square ba, sannan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 kan biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye gwamnatinka ce ta nemo shi, aiwatar da shi ma yana hannunta. Albashi mafi ƙanƙanta na naira 70,000 ya shafi ma'aikaci ne kawai, bai san da manomi ko ɗan dako ba. Batun 'yan bindiga a Zamfara da Katsina, da taki, da wutar lantarki, kowannensu wasiƙa ne mai zaman kansa.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar sabon kwamiti. Ka umarci Ma'aikatar Kuɗi da kamfanin NNPC su wallafa, wata bayan wata tun daga Yunin 2023, nawa aka tara daga cire tallafin, nawa aka biya bashi da shi, nawa ya tafi kowace jiha, kuma a ina motocin da hatsin suka sauka, da sunan gari da adadi. A karanta shi a gidajen rediyo da Hausa da Yarbanci da Ibo, yadda mai shayi zai ji da kunnensa. A yi wannan kafin 'yan siyasa su sake dawowa masallatanmu neman ƙuri'ar 2027.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan ƙasa daga Kano