Wuta ba ta cinye zaiba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan mutanen da ke zaune kusa da masana'antun ƙona shara mai guba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne zaiba.

Yawancin gubar da ake kaiwa waɗannan wurare wuta na cinye ta, shi ya sa ake hura zafin ya kai digiri 850 a ma'aunin Celsius, wani lokaci ma 1,100. Zaiba kuwa ƙarfe ce, wuta ba ta hallaka ta. Da zafi ya kai wajen digiri 357 sai ta tafasa ta zama tururi. Fasasshen tsinken awon zafin jiki, tsohuwar na'urar awon hawan jini, dogon ƙwan lantarki mai farin haske, wasu ƙananan batura irin na agogo, duk wanda ya faɗa wuta, zaibar cikinsa bututun hayaƙi za ta nufa. Matatar da ke tare ƙura ba ta iya riƙe ta sai an fesa garin gawayi na musamman a cikin hayaƙin ta manne masa. Shi ma garin daga nan ya zama guba, dole a adana shi da kula.

Tururin ba ya wari, ido ba ya ganinsa. Wani iska ta tafi da shi nesa, wani ruwan sama ya sauko da shi tafki da kogi. A cikin laka ƙwayoyin bakteriya ke mayar da zaibar wani nau'i mafi muni da ke taruwa a naman kifi, babban kifi ya ci ƙarami, mutum ya ci babba. Ɗan da ke ciki shi ya fi shan wahala, domin tana ratsa mahaifa ta taɓa ƙwaƙwalwar da ba ta gama ginuwa ba. A Minamata ta ƙasar Japan, inda aka gano cutar da wannan guba ke jawowa a 1956, kyanwoyi aka fara gani suna tangaɗi suna faɗawa teku, sannan masunta da 'ya'yansu suka fara karkarwa, magana ta gagare su. Can ruwan dattin kamfanin sinadarai na Chisso ne ya jawo, amma gubar ɗaya ce.

Gaskiya ne haƙar zinariya ta gargajiya da ƙona kwal sun fi fitar da zaiba a duniya, kuma masana'antar da ake kula da ita sosai kaɗan take saki. To wa ke tabbatar wa maƙwabta ana kula da ita? Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla a kan zaiba, ta kuma fara aiki a 2017, ta sa wuraren ƙona shara cikin waɗanda dole ƙasashe su sa wa ido. Awon bututu kaɗai bai isa ba, a auna mutane. Ɗan gashi kaɗan da aka yanka daga ƙeya yana nuna zaibar da aka ci a kifi, fitsari kuma yana nuna wadda aka shaƙa. A yi gwajin tun kafin a kunna wuta, a maimaita bayan an fara aiki, a faɗa wa kowa sakamakonsa da harshen da yake ji, musamman masu juna biyu. Kuma asibitoci da masana'antu su ware duk kayan da ke da zaiba, kada ma su shiga motar shara.

Malam Edita, don Allah ka tura wakilanka su nemi takardun awon hayaƙin nan daga hukumomin muhalli, ku buga mana su.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku a kullum.