Tattasaina yana mutuwa, Yayana kuma ya ce wa Hajiya wiwi nake shirin nomawa

Assalamu alaikum Malam. Ina fatan kana lafiya, da iyali da abokan aikinka na gidan rediyo. Allah ya saka da alheri kan wannan fili na manoma, ba na bari ya wuce ni. Don Allah ka sakaya sunana, domin a garinmu kowa ya san kowa.

Malam, yau kwana huɗu ke nan Hajiyarmu ba ta amsa gaisuwata yadda ta saba. In na durƙusa na ce mata ina kwana, sai ta ce lafiya, ta kau da kai ta ci gaba da jan carbinta. Matar da ba ta iya cin tuwon dare sai ta tambaya ko na shigo. Abin da ya jawo wannan kuwa wani ƙwaro ne da ido ba ya ganinsa, sai kuma bakin Yayana, wanda ya fi ƙwaron yi mini ɓarna.

Ni malamin firamare ne a yankin Kura. Gidanmu gidan noman rani ne, marigayi mahaifinmu ya ƙare rayuwarsa yana tumatir da ruwan Tiga a wajen Kadawa. A 2016 da tsutsar nan ta sharon ta share tumatirin Kano, a gabana ya zauna bakin kwalbati ya rasa abin cewa, kwando ko ɗaya bai kai Kwanar Gafan ba a ƙarshen kakar. Tun ranar na ƙudurta cewa in Allah ya ba ni hali, noman cikin gidan leda zan yi, inda ƙwari ba sa shiga yadda suka ga dama. Na faɗi wannan ne don ka san ba dare ɗaya na tashi da abin ba, kamar yadda ake yaɗawa yanzu. Da aka raba gado, ni da Yaya muka haɗa namu, Hajiya ta ƙara mana da tumunin takabarta, aka kafa ɗan gidan leda a bayan gari, da raga a gefe da tiyon ɗigo. Muka zuba koren tattasai a buhunhunan leda, tushe ɗari huɗu da 'yan kai, da nufin ya nuna a lokacin da kayan miya ke tsada a Yankaba.

Yarjejeniyar ita ce ni ne mai kula, shi ne mai kasuwa. Amma tun ranar farko babu abin da bai sa baki a ciki ba. Dashen da na rena da hannuna bai cika buhunhunan ba, saura layi biyu na bakin ƙofa. Na ce a bar su haka har in rena wani. Ya ce asara ce, washegari sai ga shi da dashe a bayan babur, wai wani abokinsa ya ba shi da araha. Na ga ganyen toho ya ɗan murɗe, na yi magana, ya ce wahalar hanya ce, kuma yaushe aka haife ni da zan koya masa tattasai. Na yi shiru saboda yayana ne. Wannan shirun nake ta cizon yatsa a kansa.

Da damina ta zauna sosai, cikin ledar ya zama kamar banɗaki bayan wanka da ruwan zafi, sai layukan nan biyu suka fara. Sabon ganye ya fito siriri kamar harshen tsuntsu, gefensa ya lanƙwashe ya kalli ƙasa, ya yi kauri, in ka murza shi sai ya karye ƙas. Bayan ganyen ya yi launin tagulla yana ɗan sheƙi. Kan shukar ya dunƙule ya daina tsawo, fure yana zuba, 'ya'yan da suka riga suka ɗaura kuma fatarsu ta yi kaushi ruwan ƙasa, kamar faso a dugadugi. Tsofaffin ganyayen ƙasa kuwa shar da su. Na duba sama da ƙasa, babu tsutsa, babu darɓa, sai ɗan farin ƙuda jefi-jefi.

Nan Yaya ya ce maganin ciyawa ne na fesa musu. To Malam, ba zan ɓoye maka ba, famfon feshinmu ɗaya ne, kuma na taɓa yin feshin ciyawa da shi a gonar shinkafa. Amma wallahi sau uku na wanke shi da garin sabulu, har tiyon da bakin. Kuma in maganin ciyawa ne, ai duk gidan na fesa rana ɗaya, me ya sa sai layukansa ne suka fara, sannan abin ya riƙa tafiya layi bayan layi zuwa ciki? Na yi masa wannan tambayar a gaban yaran da ke mana aiki, abin da ya kasa yafe mini ke nan. Na san bai kamata in yi a gabansu ba, amma shi ya fara ɗaga murya.

Mai shagon maganin ƙwari ya ce cutar bairos ce, ya kuma sayar mana da saifametirin wai don farin ƙuda. Sau uku na fesa cikin mako biyu. Kamar taki na zuba wa abin. Sai da wani malamin gona ya zo, Allah ya yi masa albarka, ya tsinki toho ɗaya ya ɗora masa gilashin ƙara girma ya ce in leƙa. Malam, tsigar jikina sai da ta tashi. Ganyen da na rantse babu komai a kansa cike yake da wasu halittu masu ɗan haske kamar ɗigon man gyaɗa, suna ta kai da kawowa. Ga ƙwayayensu manne da ganye, kowane da fararen ɗige-ɗige a jere kamar aikin hula. Har na ga ɗaya ya ɗauko wani a bayansa yana sauri da shi, malamin ya ce namiji ne ya ɗauki macen da ba ta gama girma ba zai kai ta sabon toho. Ya ce a Turance sunansa burod mait, dangin kaska da gizo-gizo ne, babbansu ƙafa takwas gare shi, tsawonsa wajen kashi ɗaya cikin biyar na milimita. Yawunsa ne dafin da ke murɗe ganye. Daga ƙwai zuwa babba bai cika mako guda ba in ya samu ɗumi da laima, yana bin dashe, yana bin tufafin mutum, har ƙafar farin ƙuda yake maƙalewa a tashi da shi. Ya ce maganin da na fesa ba nasa ba ne, ƙananan ƙwarin da ke cinye shi na kashe, na bar masa fili.

Na manta ban faɗa maka ba, Yaya ba ya nan ranar, kuma har yau ya ƙi leƙa gilashin. Wai shi ba ya yarda da ƙwaron da sai an sa tabarau.

To daga nan ne masifar ta taso. Dare ya yi na kasa barci, na shiga intanet ina neman bayani. Duk inda na rubuta sunan ƙwaron, yawancin bidiyon da ke fitowa na Turawan Amurka da Kanada ne masu noman wiwi a cikin ɗaki a ƙarƙashin fitila, domin ashe su ma ya addabe su, yana murɗe musu toho kamar yadda yake yi wa tattasai. A Kanada tun 2018 gwamnatinsu ta halatta abin, shi ya sa suke nuna fuskarsu ba kunya. Ni ina ruwana da ganyensu? Ƙwaron nake kallo, don su ne ke da kyamarar da ke nuna shi ƙuru-ƙuru. Ranar Juma'a na ajiye wayar a kan tabarma na tafi alwala, Yaya ya ɗauka, wai zai duba lokaci, sai ya ga bidiyon. Bai ce mini uffan ba. Ya wuce kai tsaye ɗakin Hajiya ya ce mata ya gano dalilin da ya sa na nace sai gida mai rufi da ƙofa da kwaɗo, da gangan na kashe tattasan don in samu wurin shuka wiwi, kuma ta shirya ganin jami'an NDLEA a ƙofar gidan mijinta.

Ni Malam? Ni da ko sigari ban taɓa sa wa a bakina ba, ni da nake tsayawa gaban yara ina musu faɗa kan shaye-shaye? Ya san ƙarya yake. Tun muna yara haka yake, in ya fasa tulu sai ya riga ni kai ƙara. Yanzu so yake a manta da dashen abokinsa, kuma na ji ƙishin-ƙishin yana son a sayar da ƙarafan da ledar wa wannan abokin nasa. Ban tabbatar ba, amma matar Yaya ce ta faɗa wa matata. Matar tawa ma tun ranar take kuka, don maganar ta kai gidansu.

Ga abin da malamin gonan ya ce in yi. In tuge waɗanda suka lalace sosai, in zuba a buhu tun a ciki, in fita da su in ƙone. In fesa wani magani mai suna abamaktin a bayan ganye da kan toho da yamma, in maimaita bayan kwana biyar zuwa bakwai saboda ƙwan ba ya mutuwa a feshin farko. In daina shiga layin masu lafiya bayan na taɓa marasa lafiya. Ya ce farar wuta ma tana kashe shi, sai dai in zafi ya haura digiri 30 tana ƙona ganye, cikin leda kuwa da rana ya wuce haka nesa. Na tuge tushe sittin ina ji kamar haƙorana nake cirewa. Yaya ya zo ya tarar da buhunhunan babu komai, ya koma ya ce wa Hajiya ga shi nan na fara share wuri. Na yi feshin farko, murɗaɗɗen ganyen bai miƙe ba, ko da yake malamin ya ce ba zai miƙe ba har abada, sabon toho ne abin dubawa. Amma wa zai jira sabon toho a gidan da ake kallona haka?

Shin Malam in ci gaba da kashe kuɗi a kan sauran, ko in tuge duka in bar gidan ya huta? Waɗanda ke da 'ya'ya a jiki, kwana nawa zan jira bayan feshi kafin in tsinka, don ba na so in ciyar da mutane guba? Man darbejiya zai taimaka tsakanin feshi da feshi? Kuma albashina ne kaɗai ke tafiya a ciki yanzu, shi Yaya ya janye hannunsa. In na ce a raba, kuɗin Hajiya fa, a wuyan wa zai zauna? Kawunmu ya ce in je in ba Yaya haƙuri a wuce wurin. Haƙurin me zan ba shi? In na ba shi haƙuri ai na amsa laifin ke nan.

Gaskiya Malam, ko ba ka amsa sauran ba, abu ɗaya nake roƙo. Hajiya tana sauraron filinka, rediyonta ba ta rabuwa da gefen katifarta, kuma maganarka tana da nauyi a wurinta fiye da tawa a yanzu. Ka faɗa da bakinka cewa akwai wannan ƙwaro, yana kama tattasai da attaruhu, kuma wanda ya neme shi a waya zai ci karo da bidiyon masu wiwi ko bai so ba. Ba sai ka ambaci suna ba, za ta gane ɗanta. Da safen nan ma na ga attaruhun da ta shuka a bayan ɗakinta, tushe biyar, tohonsu ya fara lanƙwashewa ƙasa, ina jin a rigata na kawo mata shi, kuma na rasa ta inda zan fara gaya mata.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronka kullum, daga Kura.