Wasiƙar Makaranta: Za Mu Kai Yara Lambun Aburi

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara. Ya ɗawainiya? Allah Ya saka muku da alheri.

Kamar yadda muka tsayar a taron iyaye da malamai, ranar Asabar ta ƙarshen wata za mu kai 'yan aji biyar da shida lambun Aburi, wato lambun itatuwa da ke kan dutse a arewacin Accra. Da gangan muka jira ƙaramar damina ta ja baya, lokacin ganye na nan kore shar, hanya kuma babu santsi. Motoci za su tashi daga ƙofar makaranta nan Nima bayan sallar asuba, mu bi ta Madina da Adenta, mu fara hawan dutse daga Ayi Mensah.

Yara sun ishe mu da tambaya, wai za mu shiga gidan shugaban ƙasa na Peduase? Don Allah ku taya mu shaida musu cewa daga mota za mu hango shi. Masaukin gwamnati ne tun zamanin Kwame Nkrumah, ba a faɗa masa haka kawai. Wani malaminmu ne ya jawo wannan magana, da ya ba su labarin yadda fadar White House a Amurka kan buɗe lambunanta ga jama'a sau biyu a shekara, kyauta, mutum ya karɓi tikiti ya shiga.

To amma shi ma Aburi da gidan gwamnati ya fara. A 1875 Turawan mulkin mallaka suka gina wurin hutu a kan dutsen, saboda ma'aikatansu da zazzaɓi da zafin bakin teku suka galabaitar. Sai a watan Maris na 1890 aka buɗe lambun, aka ɗauko William Crowther daga lambun Kew na Ingila ya kula da shi. Daga nan aka riƙa raba wa manoma irin koko, bayan Tetteh Quarshie ya kawo shi daga tsibirin Fernando Po a 1879 ya shuka a Mampong, can kusa. Duk wannan yana cikin darasinsu, amma wanda ya taɓa ƙwallon koko da hannunsa ba ya mantawa a jarrabawa. Za su bi ta layin dogayen itatuwan da ke tarbar baƙo daga ƙofa, su tsaya gindin tsohon rimin da ya girmi lambun kansa, su murza ganyen kirfa su shinshina. Akwai kuma wani tsohon jirgi mai saukar ungulu da aka ajiye. Mun san can hankalinsu zai fi tafiya, za mu sa ido.

Roƙonmu na musamman a kan 'yan mata ne. Wasu gidajen kan ce yarinya za ta taya uwa sayar da waakye ko koko da ƙosai ran Asabar. Mun san halin da ake ciki, amma yini ɗaya ne. Yaran da suka tashi tsakanin kwano da siminti suna buƙatar ganin wannan wuri, mata da maza. Malamai mata za su kasance tare da su daga tashi har dawowa.

Kowane yaro ya zo da kayan makaranta, takalmi rufaffe, ruwan sha, abincin rana da rigar sanyi, domin iskar dutse daban take da ta Accra. Za mu yi azahar a can. Kuɗin mota da na shiga suna cikin takardar da muka ba yara. A sa hannu a dawo da ita kafin Laraba. Wanda abin ya yi masa nauyi ya zo ofis mu yi magana, babu mai ji.

Insha Allahu kafin magariba muna gida.

Wassalam,
Shugaban Makaranta