Wasiƙa zuwa ga ɗana, uban 'yan mata uku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan mai jego da jaririya suna cikin ƙoshin lafiya. Na ga gara in rubuto maka, domin na san halinka. In na kira ka zaure, sunkuyar da kai za ka yi ka ce "to Baba", ka tashi da abinka a ciki.

Ranar suna ina lura da kai. An raɗa suna, an shafa fatiha, ana rabon goro da dabino, sai wani abokin kasuwarka ya dafa ka ya ce, "Allah ya raya, Allah ya kawo magaji a gaba." Na ga yaƙen da ka yi. Daga baya Hajiyarku ta shaida mini cewa tun da aka sallamo su daga asibiti ba ka yi zaman minti goma a ɗakin mai jego ba. Kana rufe shago a Kantin Kwari sai majalisa, ba ka shigowa sai yara sun yi barci.

Abin da ya faɗo mini a rai a daren nan zai ba ka mamaki. Wani tsohon wasan talabijin ne na Amurka. Kana ƙarami lokacin da muka kafa dish a gidanmu na Gwammaja, ba lallai ka tuna ba, amma yayyenka mata ba sa bari ya wuce su in dai akwai wuta. Sunansa Full House. Tashar ABC ce ta fara nuna shi a 1987, ya yi shekara takwas, aka rufe shi a 1995. Labarin wani magidanci ne a birnin San Faransisko, Danny Tanner, ma'aikacin gidan talabijin, wanda matarsa ta rasu a haɗarin mota ta bar masa 'ya'ya mata uku: babbar tana da shekara 10, mai bi mata 5, sai jaririya. Da abin ya fi ƙarfinsa, sai ƙanin matar, wato kawun yaran, da wani amininsa suka tare a gidan don su kama masa.

Ni a lokacin dariya kawai nake gani a ciki. Tun a shirin farko kawun da aminin suka rasa yadda za su sauya wa jaririyar kunzugu, har suka kwashe ta zuwa kicin suka naɗe ta da takardar goge hannu. Muna ta dariya, Hajiyarku na tsince shinkafa a faranti, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Kun ga dai, maza uku ne a kan aikin mace ɗaya, kuma suna haki." Ban ba maganar muhimmanci ba sai bayan shekaru. Gaskiya ta faɗa. Wasan nan gaba ɗayansa a kan gurbin mace ɗaya aka gina shi, ƙarti uku suna cikewa da ƙyar. To kai taka tana raye, tana wankan jego, ɗinki bai gama warkewa ba, kuma ita ce ke tashi da asuba ta shirya biyu zuwa makaranta da ta uku a kafaɗa. Da wane ido za ka dube ta ka nuna mata kamar ta gaza? Likitoci ma sun tabbatar cewa ƙwayar da ke sa ɗa ya zo namiji ko mace daga wajen uba take fitowa. Mu kuma tun kafin su mun karanta a Suratus Shura cewa Allah yana ba wanda ya so mata, yana ba wanda ya so maza, kuma da mata ya fara.

Ba ina ce maka ka ɗauki tarbiyyar gidan Turawa ba. Akwai abubuwa da yawa a wasan da ba namu ba ne, irin yawon samari da 'yan mata da yadda yaro ke mayar wa babba magana, kuma sau da yawa nakan sa a kashe. Sannan su cikin rabin awa rigima ke tashi ta mutu, an rungumi juna, an sa kiɗa. Gidan gaske ba haka yake ba. Amma akwai abu ɗaya da kusan kowane shiri sai an yi shi, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. In yarinya ta yi fushi ta shige ɗaki ta rufo ƙofa, uban yakan bi ta, ya ƙwanƙwasa, ya zauna a bakin gado ya tambaye ta abin da ke damunta. A shirin farkon nan, babbar ta kwashe kayanta ta koma gareji don an haɗa ta ɗaki ɗaya da ƙanwarta. Da uban ya zauna da ita, sai ta fito fili cewa ba ɗakin ba ne kaɗai, kewar uwarta ce ke cin ta.

Ni ban yi wannan zaman ba, kuma ina so ka ji daga bakina. Shekarar da babbar yayarka ta faɗi jarrabawar gama sakandare, kwana uku ta yi a ɗaki tana kuka. A bakin Hajiyarku na ji. Na ƙirga kuɗin sake rajista na ba da a kai mata, na sa takalmi na fita, a ganina na sauke nauyi. Na fake da alkunyar 'yar fari, alhali alkunya ta hana ka kiran sunanta ne, ba ta hana ka sanin halin da take ciki ba. Daren da za a kai ta ɗakin miji aka kawo ta gabana a lulluɓe in yi mata nasiha. Na buɗe baki na rasa abin faɗa ban da "ki yi haƙuri, yi na yi, bari na bari." Ban san abin da take tsoro ba, ban san abin da take buri ba. Ta ɗauki haƙurin nan kuwa yadda na ba ta. Da zaman ya yi tsami, shekara biyu tana ɓoye mini, sai da na ga ramarta ranar Sallah na tsare ta da tambaya. Abin da ta ce mini har gobe yana sukata: "Baba, ban san ta inda zan fara yi maka magana ba."

Mu da muke da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai kamata a ce wasan talabijin ne ya tuna mana wannan ba. Nana Faɗima in ta shigo yakan miƙe ya tarbe ta, ya zaunar da ita a mazauninsa. Ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. Ya ce wanda ya riƙe 'ya'ya mata biyu har suka girma, zai zo ranar alƙiyama tare da shi, sai ya haɗa yatsunsa. A ƙasar nan tamu, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya karantar da 'yarsa Nana Asma'u har ta zama malamar da ke rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta tura malamai mata da ake kira jaji zuwa ƙauyuka suna koyar da mata. Maza nawa ne a zamaninta aka manta da sunansu?

Abin da nake so ka yi ba mai tsada ba ne. Ko sau uku a mako, ka yi magariba a masallacin unguwa, ka shiga gida kafin lisha. Ka aje waya. Ka karɓi hadda a wajen babbar da kanka, ka buɗe jakar makarantarta ka ga abin da aka rubuta mata da jan biro. Ta tsakiyar ta fi ba ni tausayi, don an kwace mata goyo, kuma ranar suna na gan ta raɓe a bayan ƙofa tana tsotsar yatsa ba wanda ya kula ta. Ɗauke ta a gaban babur ku je sayen gurasa ku biyu. Jaririyar kuma in ta tashi cikin dare, ka karɓe ta ka jijjiga, uwar ta samu ko awa ɗaya ta runtsa. Kada ka jira su zo maka da magana, yara ba sa kai kuka inda ba su saba kai hira ba.

Zancen ƙarin aure da na ji ana hura maka a kasuwa, ba haramun ba ne, kuma ba yau za mu yi shi ba. Amma in dalilinka neman namiji ne, kada ka turo kowa wajena, musamman matarka ko arba'in ba ta yi ba.

Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci ka kawo mini manyan biyu, kai da kanka, ba ɗan aike ba. Hajiyarku ta daka garin kunun kanwa, za ka tafi wa mai jego da shi. Ka gaishe ta, ka ce mata na gode.

Mahaifinka.