A Sake Duba Batun Rukunin da Ya Fi Wuya a Gasar Hokin Ƙanƙara

Zuwa ga Editan Sashen Wasanni,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi muku godiya da kuka ba wasan hoki na kan ƙanƙara ɗan fili a shirinku na makon jiya, domin mu Hausawan da neman ilimi ko na abinci ya kawo Kanada mun daɗe da gane cewa wanda bai san wannan wasa ba ba ya samun bakin magana a wurin aiki. Sai dai ban gamsu da hukuncin da mai sharhinku ya yanke ba, cewa rukunin Atlantika ne ya fi kowane wuyar tsallakewa zuwa zagayen fitar da gwani a gasar NHL, wato babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, kamar dai abu ne da ba ya sauyawa.

Gasar tana da ƙungiyoyi 32 tun shigowar Seattle a 2021, an kasa su shiyya biyu, kowace shiyya da rukuni biyu masu ƙungiyoyi takwas takwas: Atlantika da Metropolitan a gabas, Tsakiya da Fasifik a yamma. Nasara maki biyu ce, wanda aka doke a ƙarin lokaci yana tsira da maki ɗaya. Ƙungiyoyi uku na saman kowane rukuni suna wucewa kai tsaye, sannan kowace shiyya tana da ragowar gurabe biyu da ake ba waɗanda suka fi maki cikin sauran, ko daga wane rukuni suka fito. Waɗannan gurabe biyu su ne mai sharhin ya tsallake, alhali a kansu maganar ta rataya, domin ƙungiyar da ta zo ta huɗu ko ta biyar a rukuni mai ƙarfi tana da sauran ƙofa, kuma faɗin ƙofar ya dogara ne ga ƙarfin shiyyar baki ɗaya.

Ga misali daga garin da nake zaune. A kakar 2024 zuwa 2025 ƙungiyar Calgary, wadda take rukunin Fasifik da ake yawan yi wa kallon mai sauƙi, ta tara maki 96 amma ta zauna a gida, saboda St. Louis, wadda suke neman gurbin ƙarshe na yamma tare, ita ma tana da 96 kuma ta fi ta yawan nasarorin da aka samu ba tare da an kai ga ƙarin lokaci ba. A waccan kakar dai Montreal, 'yar rukunin Atlantika, ta wuce da maki 91, New Jersey ma ta zo ta uku a Metropolitan da 91. Shekaru shida kafin nan reshe ne ya juye da mujiya: a kakar 2018 zuwa 2019 Montreal ce ta tara 96 ta rasa gurbi, yayin da Colorado ta shige da 90 a yamma. Idan aka ƙara komawa baya zuwa 2016, Minnesota ta wuce da maki 87 kacal a yamma, Boston kuwa ta faɗi da 93 a gabas. Wanda ya jera waɗannan shekaru zai ga cewa tsananin yana kaiwa da komowa tsakanin gabas da yamma, gwargwadon yadda manyan 'yan wasa suke tsufa da yadda ƙungiyoyin da suka sha kashi suke sake gina kansu da matasa.

Ban ce mai sharhin ba shi da hujja ko kaɗan ba. Daga 2019 zuwa 2025 babu wasan ƙarshe na Kofin Stanley, wato kofin zakaran gasar, da aka yi ba tare da ɗaya daga ƙungiyoyin da ke Atlantika ba, Tampa Bay ta ɗauki kofin a 2020 da 2021, Florida ta ɗauka a 2024 da 2025, sannan Boston ta kafa tarihin maki 135 a kakar 2022 zuwa 2023. Ƙungiyar da take buga wasanni 26 cikin 82, bisa jadawalin kakar 2024 zuwa 2025, da irin waɗannan maƙwabta dole ta ji a jikinta, kuma Buffalo, wadda ta yi kaka goma sha huɗu a jere daga 2012 zuwa 2025 ba ta leƙa zagayen fitar da gwani ba, tana iya kafa hujja da haka, ko da yake a ganina yawan sauya masu horarwa da shugabanni ya fi maƙwabtan yi mata illa. Amma wasanni 26 ba su kai kashi ɗaya cikin uku na kakar ba, sauran 56 da 'yan wasu rukunai ake buga su.

Inda rukuni yake cizo da gaske shi ne bayan an riga an shiga. Tsarin da aka kawo a 2013 ya tilasta ta biyu da ta uku na rukuni ɗaya su kara tun a zagayen farko, komai yawan makinsu. A kakar 2016 zuwa 2017 Washington ta samu 118, Pittsburgh 111, Columbus 108, dukansu a Metropolitan, wato uku daga cikin huɗun da suka fi maki a gasar gaba ɗaya. Pittsburgh da Columbus suka haɗu a zagayen farko, wadda ta tsira ta tarar da Washington a na biyu. New York Rangers kuwa, da ta zo ta huɗu da maki 102, sai ta shiga ta ragowar guraben nan aka tura ta ɓangaren Atlantika, inda babu wadda ta wuce 103, don haka zuwa ta huɗu ya fi zuwa ta uku riba a waccan shekara. Haka Toronto ta tara 115 a 2022, ladanta kuwa shi ne haɗuwa da Tampa Bay mai 110 da ke riƙe da kofi, ta kuma fita a wasa na bakwai, wato na ƙarshe a karawar tasu. A 2025 Dallas mai 106 da Colorado mai 102 suka yi irin wannan karon battar a rukunin Tsakiya.

Akwai kuma abin da teburin maki ba ya nunawa, wato nisan tafiya. Ƙungiyoyin Metropolitan da dama suna kusa da juna ƙwarai, uku daga cikinsu ma a yankin birnin New York suke, alhali Vancouver ko Edmonton sai ta yi sa'o'i a jirgin sama kafin ta kai ga yawancin abokan karawarta.

Roƙona shi ne, idan za ku sake ɗauko batun, mai sharhin ya faɗi kakar da yake nufi, ya kawo makin ƙungiya ta ƙarshe da ta samu gurbi a kowace shiyya, sannan ya raba wuyar shiga da wuyar tsallake zagayen farko. Zan kuma so in ji ra'ayinsa kan shawarar da wasu masoya wasan suke bayarwa ta komawa tsarin da aka bari a 2013, inda ake jera ƙungiyoyi takwas na shiyya bisa matsayinsu, ta ɗaya ta kara da ta takwas.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronku a kullum,
daga birnin Calgary, Kanada