Awo ba ya kashe ƙwaya, a gyara wannan maganar

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Maganar da baƙonku ya yi a shirin kimiyya na makon jiya, wai duk ƙwayar kwantam (wato ƙwaya mafi ƙanƙanta irin su elektron) da aka auna shikenan ta ɓace, ba haka take ba, kuma ta ɓata min rai ƙwarai. Ni fiziks nake koyarwa a sakandare. Washegari wata ɗalibata ta miƙe a aji ta zayyano min ita tiryan-tiryan, ta ce ai a rediyo ta ji. Na ja zane a allo, na yi bayani har makogwarona ya bushe, yarinyar nan ta ƙi sakin maganar. Ku ta fi yarda da ku, shi ya sa nake rubuto muku.

Abin da awo ke rushewa shi ne yanayin da ƙwayar ke ciki kafin a taɓa ta. Elektron da aka auna yana nan daram, da nauyinsa da cajinsa. Ina jin foton ne, wato ƙwayar haske, ya rikita baƙon naku, domin na'urar gano haske da aka saba da ita sai ta haɗiye shi kafin ta nuna ta gan shi. Wannan kam ya tafi. To amma halin na'urar ke nan, ba dokar halitta ba.

Ko foton ɗin ma, a 2007 masanin fiziks Serge Haroche da abokan aikinsa a Faris sun killace shi tsakanin madubai biyu, suna tura ƙwayoyin zarra ɗaya bayan ɗaya su ratsa su ɗauko labarinsa, shi kuwa yana nan bai ɓace ba. Wannan aikin na cikin abin da ya ba shi kyautar Nobel ta 2012 tare da David Wineland na Amurka, wanda ke kama ƙwayar zarra mai caji guda ɗaya a tarko, ya haska mata leza ya karanta yanayinta, ya sake shirya ta, ya sake gwaji da ita. Wani masanin fiziks ɗin, Hans Dehmelt, kuwa wata da watanni ya riƙe elektron guda yana aunawa. Mai gabatarwa bai tambayi baƙon ko ɗaya daga cikin waɗannan ba!

Da cewa baƙon ya yi ba a dawo da tsohon yanayin bayan awo, ko kuma ƙullin da ke tsakanin ƙwayoyi biyu, wanda ke haɗa yanayin ɗaya da na ɗayar, yana tsinkewa, sai an sake ƙulla shi, da ban ɗauki alƙalami ba. A dawo da shi ya faɗi haka da bakinsa, a lokacin da ɗalibai ke sauraro.

Sannan don Allah ku rage kiɗan nan da kuke sawa a ƙarƙashin muryar baƙi. Rabin lambobin da ake faɗa ba ma jin su.

Naku,
Malamin fiziks, mai sauraronku kullum