Malam ya ce istihala ce, to jikin fa?

Malam Edita assalamu alaikum, ya aiki ya haƙuri da jama'a, mu dai nan Sakkwato zafi sai addu'a.

Don Allah a ba ni ɗan fili in taɓo maganar da mu mata muke jin nauyin faɗa, wato jinin al'ada. Ni malamar Islamiyyar matan aure ce a Mabera, kuma wallahi da wuya sati ya wuce wata ba ta ja ni gefe bayan an tashi ba, tana rufe baki da hijabi, Malama yau kwana sha takwas abin bai ɗauke ba, in yi sallah ko in jira? Amsar ba wuya, duk wadda ta karanta Ahalari ta san haila ba ta wuce kwana 15, abin da ya haura nan istihala ce, ta yi wanka ta kama sallarta. Sai ta yi godiya ta tafi hankali kwance, ni ma shekara da shekaru ina ganin na sauke nauyi ke nan.

Ƙanwata ce ta farkar da ni, uwa ɗaya uba ɗaya. Kusan shekara biyu tana zubar da jini kwana goma, wani watan sha biyu, da gudaji kamar an yanka hanta, audugar mata ɗaya ba ta kai mata awa biyu, da dare sai ta haɗa da tsohon zani, kuma ni ɗin nan ni ce mai lissafa mata kwanaki ina cewa ai har yanzu ba ki kai sha biyar ba. Yarinya ta ɗashe, tafin hannu fari fat, ta hau cin farar ƙasa da tauna ƙanƙara, bokiti ɗaya in ta ɗauka sai haki da bugun zuciya, mu kuma muna ɗora wa zafin gari. Inna ta jiƙa jar kanwa, mai kemis ya ce sanyi ne ya haɗa mata ƙwayoyi, ai kun san mu komai sanyi ne. Sai ranar da ta yanke jiki ta faɗi a gidan suna muka kwashe ta sai asibiti, aka auna jini aka ce ya yi ƙasa sosai sai da aka ƙara mata leda biyu, hoton mara kuma ya nuna fayiburoid, wani ƙari ne da ke fitowa a jikin mahaifa, ba ciwon kansa ba ne amma shi ke sa zubar. Da likitar ta ce Hajiya tun yaushe take haka, wallahi kasa ɗaga kai na yi.

A nan na gane lissafi biyu ne muke haɗawa wuri ɗaya. Kwana 15 na malamai iyakar ibada ce, su likitoci a wurinsu jinin da ya wuce kwana 7 ya isa a duba, haka in tsakanin wannan al'adar da ta gaba bai kai kwana 21 ba ko ya haura 35. Kuma ba saɓani a ciki, lokacin da Fatima 'yar Abu Hubaish ta kai wa Manzon Allah (SAW) kukan jininta ba ya ɗaukewa ce mata ya yi wannan jijiya ce ba haila ba, mu kanmu in muna fassara istihala jinin ciwo muke cewa. To ciwo ina ake kai shi?

Sai ciwon mara, wanda ya fi ba ni takaici. Budurwa na murƙususu a ƙasa tana amai, duk wata sai ta rasa makaranta kwana biyu uku, a ce mata yi haƙuri in kin yi aure zai daina, ta yi auren a ce in kin haihu, haihuwar ta ƙi zuwa a koma zargin kishiya ko dangin miji. Ɗan ciwo ranar farko kowa na yi, amma wanda ke kwantar da mutum, ko ya zo da zafi wurin bayan gida ko lokacin kwanciyar aure, yana iya zama endometiriyosis, wato nama irin na shimfiɗar cikin mahaifa ya tsiro a wajenta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa na da shi. Ga shan maganin kashe zafi barkatai da ciki ba abinci, a ƙare da olsa.

Akwai wadda za ta yi wata uku huɗu ba ta gani ba kuma ba ciki, ga gashi a haɓa ga ƙuraje ga ƙiba, wannan sau da yawa rikicin sinadaran jiki ne da ya shafi ƙwan mace, kuma ana samun sauƙi in an je. Akwai kuma wadda saura sati ta gani sai ta zama kamar ba ita ba, kuka ba dalili, faɗa da miji da yara, ƙunci har ta ji ta gaji da duniya, jinin na zuwa ta warware. Mu iska muke cewa, a yi ta hayaƙi. A yi ruƙiyya ban hana ba, amma a rubuta ranakun wata biyu a nuna wa likita, abin yana da suna yana da magani.

Iyayenmu da al'ada ta ɗauke musu shekaru sannan jini ya dawo, ko matar da ke ganin jini bayan kwanciya da miji, wannan kam ba a kwana da shi, don yana cikin alamun kansar bakin mahaifa, wadda tun Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa yara mata 'yan shekara 9 zuwa 14 rigakafin ƙwayar cutar da ke jawo ta.

Nana Asma'u a garin nan ta riƙa tura jajis, wato malamai mata da ta horar, ƙauyuka su karantar da mata a cikin gidajensu, mu malamai mata mu muka gaji wannan aikin, kuma mu ake fara faɗa wa kafin miji ma ya ji. Ni dai yanzu in na ba da hukuncin sallah sai na ƙara da yaushe za ki UDUTH, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko asibitin mata da yara na Maryam Abacha, in ta ce maigida ba zai bari ba in ce turo mini shi. Ku ma Malam Edita don Allah ku samo mana likitar mata ta riƙa amsa tambayoyi a shafin nan ko sau ɗaya a wata, ni zan riƙa karanta wa ɗalibaina ranar Asabar.

Taku,
Wata malamar Islamiyya, Mabera, Sakkwato